Ruwan da Inna Tumba Ta Ƙi Sha

Ranar da aka kawo mini Inna Tumba ba ta cikin ranakun da zan manta, ko da tsufa ya kwashe sauran. Lokacin ina babbar mai gwaji a ɗakin awon jini da fitsari, saura 'yan shekaru in ajiye aiki. Bayan ƙaramar salla ne, tsakiyar bazara, irin zafin nan namu da in ka bar buta a rana ba ka iya alwala da ruwanta.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kowace shekara kafin maniyyata su tafi aikin Hajji sai an duba lafiyarsu. A shekarar nan an haɗa mu tawaga ɗaya: likita, nas biyu mata, ni, sai direba. Za mu fara da Wurno, mu wuce Rabah, mu ƙare a Goronyo. Da an gama Goronyo likita zai miƙa sunayen waɗanda ya sa wa hannu. Wanda bai samu ba kuwa sai ya jira wata shekara, in da rai. Likitan namu Dakta Nasiru ne, mutumin Zariya. Na girme shi nesa ba kusa ba, ina ce masa ɗana, yana ce mini Anti Luba, amma in aka zo wajen aiki ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, har ni.

Inna Tumba daga wata ruga ta wajen Marnona ta zo, ranar da muke Wurno. Doguwa ce siririya, a ganina ta haura saba'in, ga ta tsaf cikin farin mayafi. 'Ya'yanta maza sun yi kudu da shanu, ɗiyarta Hajo tana jego, don haka surukinta, mijin Hajo, Malam Sahabi, shi ya rako ta cikin motar kasuwa. Shi yana gaba kusa da direba, ita tana can baya. Ko a layi ba su tsaya wuri ɗaya ba.

Nas ta ba ta kwalba ta nuna mata makewayi. Ta daɗe a ciki har na fara tunanin ko faɗuwa ta yi. Da ta fito, abin da ta kawo ɗan kaɗan ne a gindin kwalba, jawur kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Ku na ɗakin gwaji kun san sauran, amma bari in yi wa na waje bayani. Da farko muna tsoma wani ɗan tsinken takarda mai launuka. Nata ya nuna furotin kaɗan, abin da bai kamata lafiyayyar ƙoda ta bari ya fito ba. Sannan mu sa kwalbar cikin injin da ke wulwula ta har duk abin da ke ciki ya kwanta ƙasa, mu ɗiga wannan a kan ɗan gilashi, mu duba a madubin gwaji. Akwai abin da in ka buɗe hasken madubin duka ba za ka taɓa ganinsa ba, don ba ya da launi ko kaɗan, sai ka rage haske sannan ya bayyana. Shi muke ce wa hayalin. A cikin ƙoda akwai 'yan bututu sirara, in fitsari ya yi kauri sai wani abu mai danƙo ya daskare a cikinsu, ya fito da siffar bututun, kamar yadda ƙanƙara ke ɗaukar siffar ledar da aka daskarar da ita. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne, ko ɗan ƙwallo ya sha gudu za ka samu. Amma na Inna Tumba, duk inda na juya gilashin sai in gan su kwance birjik.

Na rubuta abin da na gani na kai wa Dakta. Ya sa aka kira ta, Malam Sahabi ya biyo baya ya tsaya bakin ƙofa.

Dakta ya ce, “Inna, kina shan ruwa sosai?”

Ta ce, “Ina sha.”

“Fitsari fa, yana fita yadda ya saba?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zuba wa ƙasa ido. Malam Sahabi ya juya yana karanta wata takardar rigakafi da ke manne a bango, kamar a kanta za a yi masa jarrabawa. Dakta ya sake duba takardar da na rubuta. Sai ya ce gaskiya ba zai iya sa hannu yau ba, yana son a duba ƙodarta sosai a Sakkwato.

Kalmar ƙoda kawai Malam Sahabi ya ɗauka ya fita da ita. Ku kun san mutanenmu, da an ce ƙoda, wankin ƙoda suke ji, daga nan sai makara. Kafin azahar ya buga waya ruga, ya buga kudu. Babban ɗanta ya kira, ina jin muryarsa daga inda nake zaune don wayar a buɗe take: ba inda za ta, a mai da ta gida, ba za su kai uwarsu ta mutu a ƙasar wasu ba.

Inna Tumba ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi. Ta je gindin dogon yaro ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa. Da na wuce ta gabanta sai na ji ta ce, ba da ni take ba, “Malam ya yi niyya bai tahi ba. Ashe ni ma ƙarshenta ke nan.” Mijinta take nufi, wanda ya rasu da niyyar Hajji a bakinsa. Wallahi sai na ji kamar ni na hana ta da hannuna.

Ɗaya daga cikin nas ɗinmu ta ji tausayinta ta miƙa mata ruwan leda mai sanyi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye a cinya. Ina leƙenta ta taga. Leɓenta duk ya tsattsage, ga ruwa a hannunta, amma ba ta fasa ledar ba. Na duba gefe, sai ga Malam Sahabi tsugune a inuwar katanga yana fuskantarta. Nan na ce a raina, kai, Luba!

Na fita na ce, “Malam Sahabi, an yi kira, tahi masallaci. Bar min ita.”

Yana ba da baya na kama hannunta na ja ta ɗakin gwaji, na turo ƙofa.

Na ce, “Inna, tsakaninki da Allah, yaushe rabonki da ruwa?”

Ta ce, “Jiya da hantsi.”

“Innalillahi! Cikin wanga zahi? Kashe kanki za ki yi?”

Ta ɗago ta dube ni kamar ni ce marar hankali. “Ɗiyata, da wa niz zo? In abin ya matse ni cikin mota, wa za ni ce ma a tsaya? Mijin Hajo?”

Na ce to ai kun iso tun safe, mi ya hana ki sha nan? Ta ce ai akwai komawa. Kuma wata maƙwabciyarta ta gaya mata ba a ci ba a sha in za a yi awo, sai ta haɗa biyun ta huta.

Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na zaɓi faɗa. Na yi mata tas, kamar ba ta haife ni ba. Na fasa ledar da haƙorina na ce sha, ina tsaye. Ta juya mini baya ta shanye, na ƙara mata wata, ita ma ta tafi.

Na samu Dakta na gaya masa. Ya ce, “Abin da na fi zato ke nan, Anti, shi ya sa na tambaye ta. Ta ce tana sha.”

Na ce, “Ɗana, gaban suruki ko wuƙa ce a cikinta ba za ta faɗa ba.”

Ya dafe kai yana dariya, ya ce kakarsa ma a Zariya haka take. Amma ya ce zato ba ya sa hannu. Ga sharaɗinsa: ta sha ruwa ta huta, gobe a ɗebi jininta a aika Sakkwato a auna aikin ƙoda, ranar Goronyo kuma a sake duba fitsarin. In duka biyun sun yi kyau zai sa hannu. In ɗaya ya ƙi, “ko ke kika durƙusa mini, Anti, ba zan sa ba.” Na ce na yarda, haka aikin yake.

Sai dai ga matsala. In ta koma ruga, Malam Sahabi ne zai sake rako ta Goronyo, za ta sake daina shan ruwa tun jajibiri, mu sake ganin abin da muka gani. Don haka na ce ba inda za ta, gidana za ta kwana. Maigidana ya rasu, yara duk sun watse, daga ni sai jikata da ke makaranta. Na karɓi wayar Malam Sahabi na yi magana da babban ɗan da kaina. Ya fara ɗaga murya, na ɗaga tawa ta fi tasa. Na ce ba wanda ya ce uwarka na da ciwon ƙoda, cewa aka yi za a duba, ka ba ni zuwa ranar Goronyo. Ya ce to, amma in an samu wani abu, magana ta ƙare.

A gidana Inna Tumba ta ga ta kanta. Ruwan randa, fura, kunun tsamiya, kankana, duk inda ta juya kofi na biye da ita. Ta ce, “Ke wagga ɗiya, rijiya kika mai da ni?” Na ce ko tafki ne sai kin zama. Da yamma muna zaune a tabarma sai ta tambaye ni, “Wai mi anka gani cikin jikina? Mi as sunanshi?”

Na ce hayalin. Ta ce mi ke nan? Shekara da shekaru ina rubuta kalmar nan, na san siffar abin, na san abin da ke kawo shi, amma abin da sunan kansa ke nufi ban taɓa tambaya ba. Na ce mata ta bari sai gobe.

Washegari da safe na ɗebi jininta direba ya wuce da shi Sakkwato bayan ya sauke mu a Rabah. Da rana muna cin abinci na tambayi Dakta. Ashe na taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ajiye cokali. Ya ce kalmar ba ta Turanci ba ce tun asali, daga Girkanci ta fito, kuma a can gilashi take nufi. Kafin ma gilashi ya yawaita a wurinsu, da ita suke kiran wani dutse da ake hango abu ta cikinsa. Wasu masana na zaton su ma Girkawan daga Masar suka aro ta, amma wannan ba a tabbatar ba. Daga Girkanci ta shiga Latin, daga nan Turawa suka ɗauka. Ya ce a da mawaƙansu ma kan kira teku da ita in ya kwanta lumui, ko sararin sama in ba gajimare. Sai likitoci suka zo suka laƙaba ta ga duk abin da ke jikin mutum mai kama da gilashi.

Ya ɗauki ƙashin cinyar kaza daga kwanonsa ya nuna mini kansa. “Kin ga guringuntsin nan mai sheƙi? Shi ma sunansa ke nan, kuma kowa na da shi a gwiwa. Akwai kuma wani hayalin da ke rufe huhun bakwaini, wannan yana kisa. Sunan bai ce lafiya ba, bai ce cuta ba. Kamannin abin kawai ya faɗa. Sauran aikinmu ne.”

Na ce, “To cinye kazarka, malamin Girka.”

Da na koma gida na ciro wani tsohon ƙarau na gilashi da ke cikin kayan uwata, irin wanda mata ke sawa a hannu, fari wanda ba launi. Na ɗaga mata shi ta hango bishiyar tsakar gida ta cikinsa. Na ce, Inna, ma'anar sunan ke nan, abu garau da ido ke ratsawa, kamar ruwan randa in ya kwana ya kwanta. Na gaya mata tafiyar da kalmar ta yi, ƙasa bayan ƙasa. Ta juya ƙarau ɗin a hannunta ta ce, “Ashe su ma Turawa aro sukai.” Na ce ƙwarai, mu kuma muka ari kalmar gilashi wurinsu, alhali muna da garau, muna da tangaran, muna da madubi abin dubawa. Ta ce ita dai da an ce mata garau tun farko da ba ta ji tsoro haka ba. Sannan ta miƙo hannu da kanta ta ɗauki kofi.

Ranar Goronyo na sa ta cikin motarmu tsakanina da nas. Kafin mu tashi na ɗura mata ruwa, tana harara ta. Mun yi nisa na ga ta fara gyara zama, tana matse mayafi. Na san ko za ta fashe ba za ta ce a tsaya ba, ga Dakta ga direba a gaba. Sai na daki bayan kujera na ce, “Direba, samo muna wuri, ni ce zan zaga.” Ya ce Anti, kin san halin da hanyar nan ke ciki, ba a tsayawa a daji. Na ce to garin gaba, ina da 'yar'uwa a bakin titi. Ba ni da kowa a garin. Na yi sallama gidan farko da na ga mata a ciki, na ce baƙi ne, suka nuna mana. Na ce wa Inna ta raka ni. Da muka fito ta matse hannuna.

A Goronyo nata na fara dubawa. Kwalba ta cika, fari ƙal kamar ruwan rijiya. Tsinke bai nuna furotin ba. Na wulwula, na ɗiga, na rage haske, na bi gilashin nan lungu-lungu kamar yau na fara aiki. Da ƙyar na samu guda a can gefe. Na kira Dakta ya duba da idonsa. Ya ce, “Wannan ya yi. Saura jini.”

Saura jini fa. Muka yi ta aiki, layi na raguwa, waya shiru. Aka yi azahar, shiru. Malam Sahabi ya iso da motar kasuwa ya samu katangarsa ya tsuguna. Aka yi la'asar, nas suka fara naɗe kaya, Dakta ya jera takardun waɗanda ya sa wa hannu, ta Inna Tumba ita kaɗai a gefe. Na buga Sakkwato har na gaji da jin ana cewa a ɗan ƙara haƙuri. Ni na sa wa tsohuwar nan rai, in abin ya ƙi ban san da bakin da zan gaya mata ba.

Direba ya riga ya tayar da mota sannan wayar Dakta ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce a maimaita masa, ya rubuta. Bai dube ni ba. Ya jawo takardar nan ta gefe ya sa hannu, sannan ya ce, “Anti, ƙodarta ta fi tawa lafiya.”

Na zauna a kan akwatin madubi. Alhamdu lillahi kawai nake maimaitawa. Da na fita na gaya mata, sai ta fuskanci gabas ta kai goshi ƙasa, nan cikin ƙasar asibiti. Yanzu ne ta yi kukan. Malam Sahabi ya buga kudu yana ta “Lahiya lau ta! Lahiya lau!” da ƙarfi.

Za mu rabu ta jawo ni gefe, ta rage murya. “Ɗiyata, cikin jirgin nan, maza da mata wuri guda a ka zama?”

Na ce wuri guda.

Ta gyaɗa kai ta ce, “To. Sai in bar sha tun kwana biyu.”

Jama'a, ku ji fa. Ashe duk abin da muka yi, a wajenta na awo ne kawai. Da fitsarinta ya fito lafiya ranar farko, da mun sa mata hannu muna murna, ta je ta tsaya a Arfa cikin ranar da ta fi tamu, cikin dubban maza, ba ruwa a cikinta. Ba ƙoda ce za ta kashe ta ba, kunya ce. Na zaunar da ita na gaya mata akwai makewayi cikin jirgi, da ƙofa da sakata. Akwai a Makka, akwai a Mina, akwai a Arfa, na mata daban. Ba ta yarda ba sai da na kira wata Hajiya cikin maniyyatan, wadda ta taɓa zuwa, ta rantse mata. Na haɗa su, na ce wa Hajiyar amana ce na ba ki, in za ki zaga ki ce ta raka ki, ko ba ki ji komai ba.

Ana cikin kwanakin Mina, ina gida ina yankan naman layya, sai ga waya daga Hajiyar. Hayaniya ta cika layin. Ta ce tsohuwarki ta hana ni sakat sai na kira ki, ga saƙonta. Na ce ina ji. Ta ce, “Wai in gaya ma ɗiyarta, ta sha, kuma ta zaga.”

Na yi dariya har wuƙa ta faɗi daga hannuna, hawaye na zuba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku da za ku gaje mu, shi ne madubi ba ya ƙarya, amma abin da ke cikin kwalba kaɗai yake gani. Bai san wa ya rako mai kwalbar ba, bai san a wace kujera ta zauna cikin mota ba. Mutanenmu kuma ba maƙaryata ba ne, akwai dai maganar da ba sa iya yi gaban wasu, ko da ransu ne a kai. In tsohuwa ta ce muku tana sha, ku dubi leɓenta, ku dubi wanda ke tsaye bakin ƙofa. Ku tura shi masallaci, ku turo ƙofar, sannan ku sake tambaya.